Garin da Kowa Ya San Wanda Ya San Ka: Yadda Koken Unguwa Ke Zama Canji

Da an ambaci gwagwarmayar jama'a, hankali yakan tafi ne ga babban birnin ƙasa, inda dandali ke cika maƙil, kyamarorin duniya na ɗauka, 'yan sanda sun yi sahu. Amma yawancin mutanen birni ba a irin waɗannan wurare suke kwana ba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna kusan rabin mazauna birane suna zaune ne a garuruwan da mutanensu ba su kai 500,000 ba, alhali manyan biranen da suka haura miliyan 10, waɗanda a lokacin guda 33 ne, mutum ɗaya cikin takwas kawai suka ɗauka. A waɗannan matsakaitan garuruwa ake rigimar famfon da ya ƙafe, da magudanar da ta toshe, da filin wasan yara da aka wayi gari an kewaye shi da kwano. Rigima ce da ba kasafai take fita waje ba, kuma tana da nata tsarin da ya bambanta da na ƙauye da na babban birni.

Bambancin yana cikin sanayya. A ƙauye kowa ya san kowa, saboda haka magana takan mutu a zaune, ko da daɗi ko ba daɗi. A babban birni kuwa ba wanda ya san ka, kana iya caccakar magajin gari a rediyo da safe, da yamma ka shiga motar haya ba mai ɗago ido ya dube ka. Matsakaicin birni yana tsakani. Ba ka san kowa ba, amma tsakaninka da kowane mutum a garin bai wuce mutum ɗaya ko biyu ba. Ɗan kwangilar da ya yi aikin titin da ya fashe, 'yarsa ajinsu ɗaya da 'yarka. Matar wakilin jaridar da ya kamata ya rubuta labarin, a ofishin majalisar gari take aiki. Wannan kusanci shi ke sa labari ya zaga gari kafin rana ta faɗi, shi ne kuma ke sa wanda ya fi kowa sanin gaskiyar magana ya yi gum.

Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun a 1973 cewa sabon labari, har da labarin gurbin aiki, ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda sanin shanu ya yi musu, fiye da ta hannun aminansa. Dalili kuwa aminanka abin da ka sani shi suka sani, amma wanda kuke gaisawa sama-sama yana shiga wasu wuraren da ba ka shiga. Matsakaicin birni cike yake da irin wannan sanayya ta sama-sama: wanda kuke haɗuwa a taron iyaye da malamai, da wanda kuke buga ƙwallo a ƙarshen mako, da wadda kuke ƙungiyar 'yan kasuwa tare. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi ba don siyasa aka kafa su ba, kuma idan ka shiga taronsu barci zai ɗauke ka. Amma suna da abubuwan da ba a ƙirƙirarsu a dare ɗaya: jerin sunaye da lambobin waya, ma'ajin da aka yarda ya riƙe kuɗi, wurin zama, da ranar haɗuwa da kowa ya sani.

Ba misalin da ya fi fito da wannan fili kamar Montgomery, a jihar Alabama ta Amurka, garin da mutanensa suka ɗan haura 100,000 a shekarun 1950. Abin da aka fi bayarwa shi ne wata baƙar fata ta gaji, ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba wani farar fata kamar yadda dokar wariya ta tanada, sai gari ya tashi. Labarin ya fi haka tsawo. Matar, Rosa Parks, ta kasance sakatariyar reshen ƙungiyar NAACP, mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, tun 1943. Akwai kuma wata ƙungiyar mata baƙaƙen fata da aka kafa a 1946, wadda shugabarta Jo Ann Robinson, malama a kwalejin jihar, ta rubuta wa magajin gari wasiƙa tun a watan Mayun 1954 tana gargaɗinsa cewa mutane na maganar ƙaurace wa motocin. A watan Maris na 1955 an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, a kan laifi iri ɗaya, amma shugabanni suka ga lokaci bai yi ba. Wato an daɗe da shiri, dama ake jira.

An kama Parks ranar Alhamis, 1 ga Disamba, 1955. A daren nan Robinson ta shiga kwaleji da wani abokin aikinta da ɗalibai biyu, suka kwana a kan injin gurza takardu, ana murɗawa ana yankawa ana ɗaurewa. Kafin gari ya waye sun fitar da dubun-dubatar 'yan takardu masu cewa kada kowa ya hau bas ranar Litinin. Da rana ta yi aka bi makarantu da shagunan aski da na gyaran gashi ana ajiye ƙunshi-ƙunshi, domin matan ƙungiyar sun riga sun san wa za a miƙa wa a kowace unguwa. Ranar Lahadi limaman coci suka maimaita daga kan mumbari. Abin dariyar shi ne babbar jaridar garin, Montgomery Advertiser, wadda ba ta tare da su, ta buga labarin takardar a shafin farko a wannan Lahadin, sai ga shi ta isar da saƙon ga waɗanda takardar ba ta kai gare su ba.

Yini ɗaya aka shirya, aka yi kwana 381. Abin da ya riƙe tafiyar ba jawaban jagoranta, limamin coci Martin Luther King, kaɗai ba ne, duk da cewa su duniya ta ji. Direbobin tasi baƙaƙen fata sun fara ɗaukar mutane a kuɗin bas, da hukuma ta yi barazanar hukunta su sai aka koma haɗa motocin gida kusan 300, da tashoshi da jadawali, ana kai masu aikatau da leburori wurin aiki ana dawo da su. Wasu mata suka riƙa dafa abinci suna sayarwa suna zuba kuɗin a asusun mai. Duk wannan ya yiwu ne saboda girman garin: ya isa a ce rashin fasinja ya girgiza kamfanin bas, tunda kusan kashi uku cikin huɗu na masu hawa baƙaƙen fata ne, amma bai yi girman da motoci 300 za su kasa ratsa shi ba. Kuma wanda ya saci jiki ya hau bas, maƙwabcinsa zai gan shi. A nan sanayya ta yi rana.

Ta ɗaya fuskar kuma, ita ce ta cinye waɗanda suka tsaya a gaba. Parks ta rasa aikinta na ɗinki, mijinta ma ya rabu da nasa, ba mai son ɗaukarsu a garin, har suka tattara suka koma Detroit a 1957. Robinson ta riƙa ɓoye rawar da ta taka don kada a kore ta, duk da haka ta bar kwalejin a 1960. A garin da manyan masu ɗaukar ma'aikata ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, hukuma ba ta bukatar kurkuku kafin ta ladabtar da mutum. Ya isa a daina kiransa aiki.

Ƙungiya kaɗai ba ta isa ba, sai da wanda zai mayar da koke ya zama rubutacce. Nan aikin jaridar gari da gidan rediyon gari yake, kuma mafi yawansa aiki ne mai gundura. Ka ɗauki zaman majalisar gari na ranar aiki da yamma. Kansiloli a gaba, kujerun jama'a kusan babu kowa, sai tsofaffi biyu da mai ƙorafin lasisin shago. An raba takardar ajanda mai shafi da yawa. Can wajen abu na goma sha wani abu, sakatare ya karanta layi ɗaya a kan sauya amfanin wani fili, aka ce akwai mai ja, ba wanda ya ce uffan, aka wuce. Bai ɗauki minti ɗaya ba. Idan akwai wakilin jarida a kujerar baya wanda ya shekara yana zuwa wannan zama, zai tuna cewa wannan filin ne aka yi wa asibiti alkawarinsa, zai kuma san sunan kamfanin da ya saya da wanda ya mallake shi. Idan babu shi, mutanen unguwa ba za su ji labari ba sai ranar da motar rusau ta iso, lokacin da an riga an sa hannu.

Wannan kujera ta baya ita ce ke ta zama wayam. Jaridar gari da can tana rayuwa ne da ƙananan tallace-tallace: gidan haya, motar sayarwa, gurbin aiki, sanarwar rasuwa. Intanet ta kwashe waɗannan, sauran tallan kuma ya koma Google da Facebook. A Amurka, inda aka fi bin lissafin, binciken Jami'ar Northwestern ya nuna ƙasar ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta daga 2005, kuma ƙananan hukumomi sama da 200 ba su da wata kafar labarai tasu ko ɗaya. Asarar tana da farashi a zahiri. Wasu masana harkar kuɗi uku, Gao da Lee da Murphy, sun bi diddigin garuruwan da jaridarsu ta rufe, suka tarar kuɗin ruwan da ake ɗora wa hukumomin garuruwan in sun ci bashi yana ƙaruwa bayan rufewar. Masu ba da bashi sun san hukumar da ba a sa mata ido ta fi saurin ɓarna. A ɗan garin Bell na jihar Kalifoniya, inda ba jaridar da ke bibiyar majalisa a kai a kai, mutane ƙasa da 400 ne suka jefa ƙuri'a a zaɓen 2005 da ya cire wa jami'ai takunkumin albashi. Sai a 2010 wakilan Los Angeles Times biyu suka bankaɗo cewa manajan garin yana karɓar kusan dala 800,000 a shekara, a garin talakawa.

Inda jaridar ko gidan rediyon ya tsira kuma, sai a duba wa ke ciyar da shi. A matsakaicin birni manyan masu ba da talla 'yan kaɗan ne, kuma sau da yawa hukumar gari ce a kan gaba, da sanarwowinta da saƙonnin taya murna. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ba lallai a kira edita a yi masa barazana ba. Shi da kansa zai duba labarin, ya tuna albashin ƙarshen wata, ya ce a dakata a ji ta bakin ɗaya ɓangaren, ɗaya ɓangaren kuma ba zai taɓa ɗaga waya ba. Ni a ganina wannan ta fi takunkumin gwamnati illa, domin ba wanda zai iya nuna ranar da aka hana labari fita.

Flint, a jihar Michigan, ya nuna yadda abin ke tafiya idan kowane ɓangare ya raunana amma bai mutu ba. Gari ne mai mutane kusan 100,000. A watan Afrilun 2014, ƙarƙashin manajan da gwamnatin jiha ta naɗa don tsuke bakin aljihu, aka sauya ruwan shan garin zuwa kogin Flint ba tare da zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwa ya fara fitowa ja-ja yana wari. Mutane suka riƙa ɗaukarsa a gora suna kaiwa taron majalisa, ana ce musu lafiyarsa ƙalau. A watan Oktoba na shekarar kamfanin motoci na General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antar injinsa saboda yana sa ƙarfe tsatsa, amma aka bar mutane suna sha. Jaridar garin, Flint Journal, wadda tun 2009 ta rage fitowa zuwa kwana uku a mako, tana da wakili, Ron Fonger, da ya yi ta rubutu a kan ruwan. Hukuma ta yi kunnen uwar shegu, manyan kafafen ƙasa kuma ba su waiwayo ba.

Abin da ya karya ƙeƙasa ƙasar shi ne lokacin da koke ya koma lamba. Wata uwa da aka samu gubar dalma a jinin ɗanta ta bi takardun hukuma da kanta har ta gano ba a zuba maganin. Wani tsohon ɗan jarida, Curt Guyette, da ke aiki da wata ƙungiyar kare haƙƙi, ya wallafa takardar cikin gida ta wani jami'in hukumar muhalli. Mazauna garin suka bi gida-gida suka tara ruwa daga gidaje sama da 250 suka aika wa Marc Edwards da ɗalibansa a Jami'ar Virginia Tech. A watan Satumban 2015 likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da alƙaluman jinin yaran asibitinta, waɗanda suka nuna dalmar ta ƙaru bayan sauya ruwan. Jami'an jiha suka fara da ƙaryata ta, cikin 'yan kwanaki suka janye, a watan Oktoba aka mayar da garin kan ruwan Detroit. Wata goma sha takwas ke nan yara na sha. Ka lura da cewa masanin jami'a daga wata jiha ya zo, kuma Guyette ba daga aljihun garin ake biyansa ba. A garin da kowa ke jin nauyin kowa, sau da yawa sai an haɗa da na waje wanda ba ya tsoron haɗuwa da kowa a wurin biki. Amma na wajen ba zai iya ƙwanƙwasa ƙofa 250 a buɗe masa ba, wannan sai 'yan gari.

Za a ce ai yanzu kowace unguwa tana da zaurenta na WhatsApp ko Facebook, me za a yi da jarida? Gaskiya zaurukan sun yi abin da jarida ba ta taɓa yi ba. Yaro ya ɓata, cikin awa ɗaya an gan shi. Bututu ya fashe, hoto ya isa wayar injiniya kafin ya fito daga gida. Wanda ba zai taɓa rubuta wa edita wasiƙa ba yana iya aika saƙon murya. Matsalar zaure ita ce ba shi da tunin jiya. Maganar da ta tayar da ƙura ranar Talata ta nutse ƙarƙashin gaisuwa da tallan takalma kafin Juma'a, kuma ba aikin kowa ba ne ya koma bayan wata shida ya tambaya ina aka kwana. Jami'ai sun gane wannan sarai, shi ya sa da yawansu suka koyi yin shiru na mako guda. Ga kuma jita-jita, wadda a matsakaicin gari ta fi haɗari saboda wanda aka yi wa ƙazafin an san gidansa. Bayan kashe-kashen da jita-jitar satar yara ta haddasa a Indiya, WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a can a 2018, ya faɗaɗa dokar zuwa duniya a 2019. Sannan dandalin ba na garin ba ne. A watan Agustan 2023 kamfanin Meta ya toshe labaran kafafen yaɗa labarai a Facebook da Instagram a Kanada saboda rigimarsa da gwamnati kan wata doka, a daidai watan da wutar daji ta sa aka kwashe mutanen Yellowknife, su kusan 20,000, suna neman labarin hanyar da za su bi.

Shi ya sa wasu garuruwa suka koma ga tsohuwar dabara, wato masu sauraro su biya da kansu. Mahaƙan ma'adinai a Boliviya sun yi haka tun wajen ƙarshen shekarun 1940, suna yankar wani abu daga ɗan albashinsu suna riƙe gidajen rediyonsu, kuma waɗannan tashoshi ne sojoji kan fara nufa duk lokacin juyin mulki. A Bristol ta Ingila an kafa Bristol Cable a 2014 a matsayin jaridar haɗin gwiwa, mambobi ke biyan kuɗin wata-wata, su ke zaɓen masu kula da ita. Tsarin ba ya rasa nasa ciwon. Kuɗin mambobi ba kasafai yake isa ba sai an haɗa da tallafin gidauniyoyi, kuma waɗanda ke da halin biya da lokacin zuwa taro galibi masu ilimi ne da ɗan abin hannu. Idan ba a yi hattara ba, sai jaridar ta zama muryar unguwannin da dama can ana jin muryarsu. A nan rediyo ya fi, domin ba ya tambayar ko ka iya karatu, kuma shirin da ake buɗe layin waya yakan tilasta wa jami'i amsa tambayar mai tura baro a gaban kowa.

Akwai kuma inda kafar garin take hannun hukuma ɗungurungum. A Leipzig ta tsohuwar Jamus ta Gabas, gari mai mutane kusan rabin miliyan, an fara addu'ar zaman lafiya a cocin Nikolai tun 1982, ta zama ta kowace Litinin, shekara da shekaru mutane ƙalilan ke zuwa. Ranar 6 ga Oktoba, 1989, jaridar garin ta buga wasiƙar wani kwamandan mayaƙan jam'iyya mai mulki yana cewa za su murƙushe masu zanga-zanga, da makami a hannu in ta kama. Bayan kwana uku mutane kusan 70,000 suka fito, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Ba a bukaci sanarwa ba, domin shekarun nan na zaman mutane ƙalilan sun riga sun koya wa gari rana da wuri da lokaci. Wasu matasa biyu suka hau hasumiyar wata coci suka ɗauki hoton bidiyo a ɓoye, aka fitar da kaset ɗin, washegari talabijin ɗin Jamus ta Yamma ya nuna, sauran garuruwan Gabas suka gani a ɗakunansu. Bayan wata ɗaya katangar Berlin ta faɗi.

Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne washegarin nasara. Hana abu ya fi gina abu sauƙi, domin a kan "ba mu yarda ba" ana iya haɗa mutanen da ba su jituwa a kan komai. A Cochabamba ta Boliviya, gwamnati ta miƙa ruwan garin ga kamfanin Aguas del Tunari, wanda Bechtel na Amurka ke da hannu a ciki, na tsawon shekara 40. Da shigowar 2000 kuɗin famfo ya yi tashin gwauron zabi, wasu gidajen ya ninka. Manoma masu ban-ruwa, da ma'aikatan masana'antu ƙarƙashin Oscar Olivera, da kwamitocin ruwa na unguwanni suka haɗu suka rufe gari. Gwamnatin Hugo Banzer ta kafa dokar ta-ɓaci, aka harbe wani yaro ɗan shekara 17, a watan Afrilu aka soke kwangilar. Duniya ta yi ta tafa musu, 'yan jaridar waje suka tattara kayansu suka tafi. Ruwa ya koma hannun kamfanin gwamnati na garin, SEMAPA, da tsofaffin bututunsa masu yoyo da ƙarancin kuɗinsa da zarge-zargen almundahana. An ba jama'a kujeru a hukumar gudanarwarsa, amma mutane kaɗan ne suka riƙa fitowa zaɓen waɗanda za su zauna a kai. Shekaru da yawa bayan nan, unguwannin talakawa na kudancin garin, waɗanda 'ya'yansu suka tsaya a bakin shingaye, sun ci gaba da sayen ruwa a durom daga motocin tanka, a farashin da ya fi na masu famfo a tsakiyar gari tsada.